Baba, Ni Ma Ban Gani Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Isa ladanin unguwar Asata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ni ce 'yarka Hadiza, wadda ka laƙaba wa Sarkin Tambaya. Na san ba a aika wa mamaci takarda, amma maganar da ke cina ta ƙi shiga kunnen kowa a gida, shi ya sa na kawo maka ita a bainar jama'a.

Ka rasu ina farkon digiri na uku, kana ta gaya wa mutanen masallaci wai 'yarka taurari take karantawa. Ban taɓa gyara maka ba. Gaskiya ko madubin hangen nesa ba na taɓawa, daga allo sai alli sai lissafi. Abin da nake bi ana ce masa zaren sararin samaniya. Ka tuna ƙanƙarar zoɓon da Inna ke daskarwa, yadda farin layi ke fitowa a tsakiya, inda sanyin wannan gefe ya haɗu da na wancan ba su daidaita ba? To, masana na zaton lokacin da halitta take sabuwa tana hucewa daga zafinta, ita ma ta bar irin wannan tsaga, siririya fiye da ƙwayar zarra, doguwa, ga nauyin tsiya. Har yau babu wanda ya gan ta.

Shekarun nan duk na kashe su ina lissafa irin girgizar da zaren zai aiko mana in yana nan. Masu aunawa sun fitar da abin da suka samu. Akwai girgizar, amma ta fi kama da ta manyan baƙaƙen ramuka, waɗanda ko haske ya faɗa ba ya fitowa, suna kewaya juna kafin su haɗe. Zare mai nauyin da na lissafa dai babu shi. Baba, na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Ana cikin haka wani kamfani a Fatakwal ya nemi mai lissafi, suka ce in ba su amsa kafin Babbar Sallah. Yaya Sani ya bar albasarsa a kasuwar Ose Okwodu ta Anaca, ya hawo mota takanas don ya ce in karɓa. Wai shi ko buhu ba ya saye sai ya zura hannu ya taɓa, ni kuwa na ƙarar da ƙuruciyata a kan babu. Ban ga laifinsa ba, shi ke riƙe da Inna tun bayanka.

Amma tun da ya koma Anaca, kai nake ta gani a kan benen Papa Okeke, mai gidan da muke haya.

Duk ashirin da tara ga wata, da an sallame Magariba, sai ka naɗe ƙafar wando ka hau duban jinjirin wata. A Inugu fa! Garin da hadari ke rufe yamma rabin shekara, ga tudu ya tare sauran. Kowa na gindin rediyo yana jiran labari daga Arewa, kai kana sama yayyafi na dukanka. Papa Okeke ya leƙo ya ce, "Malam, you don see am?" wato ko ka gan shi. Ka girgiza kai, ka sauko, ka tafi wajen liman ka ce, "Na duba, ban gani ba." Kana faɗa kamar wanda ya kawo babban labari.

Kunya nake ji a lokacin, don 'yan unguwa dariya suke mana. Da na tambaye ka amfanin wannan wahala, cewa ka yi, "Ba a ce in gani ba, an ce in duba. Wanda bai hau ba, ba shi da bakin cewa babu."

Sai yanzu na fahimci abin da na yi, Baba. Kafin lissafina ba wanda zai iya cewa zare mai wannan nauyi babu shi. Yanzu ana iya faɗa, kuma wanda zai zo bayana ba zai ɓata shekarunsa a wannan kusurwar ba. Saura waɗanda ba su kai shi nauyi ba, su ba a gama duba su ba.

Jiya na hau benen. Papa Okeke ya tsufa, da ƙyar yake fitowa, amma da ya ji takuna a matakala sai ya ɗago murya ya yi mini tambayar da ya saba yi maka. Hadari ne baƙi ƙirin har ƙasa. Na ce masa ban gani ba, kuma ban sunkuyar da kai ba.

Da safen nan na ba mutanen Fatakwal haƙuri. Zan haɗa binciken da koyarwa don in rage wa Yaya Sani nauyi, ko da yake har yanzu ya ƙi ɗaga wayata. Ina jin tsoro, Baba. Mai yiwuwa in tsufa ban ga komai ba, kamar yadda ban taɓa jin ka ce ka ga wata a garin nan ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya nuna maka abin da hadari ya tare maka. Ni kuma Ya ba ni ƙafar hawa.

'Yarka,
Hadiza