Humaira Ta Ce Umma

Inna,

Gaisuwa da girmamawa daga Ibadan. Ya jikin Baba, ya mutanen Tiga? Mu lafiya lau. Ina cin abinci in na tuna.

Likitar magana da muka zo gani ba ta matsa wa Humaira. Ko zama kusa da ita, sai ta nemi izininta. Ta ce yarinyar da kwalekwale ya kife da babanta tana kallo, bai kamata mu tilasta mata gaida masu ta'aziyya ba.

Jiya ta ce "Umma", kalmarta ta farko tun ranar. Na amsa, na ci gaba da wanki.

Don Allah a ɗauke ragar kifin baban Humaira daga zaure kafin mu dawo.

Allah ya ƙara haƙuri.

Taki,
Mubaraka