Zanen Inna Ya Tafi, Kai Ka Dawo

Zuwa ga ƙanena Habu, ɗan marigayi Mamman dillali na Dakoro, a duk inda wannan takarda ta same shi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen da kake zaune da su, waɗanda ban sani ba amma ina gode musu. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau, hatsi ya shiga rumbu, yara sun koma lakwal, wato makaranta.

Ka gafarce ni da na shimfiɗa maganar gida a jarida. Na aika maka takarda ta gidan waya zuwa Yamai, ta dawo mini ba a buɗe ba. Na ba direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, saƙo. Wani ya ce ya gan ka a Kwatano kana rubutu a bayan motoci, wani ya rantse a Kano ne, kana zana wa masu aski allo. Shi ya sa na kai wannan takarda wurin masu jaridar yaƙi da jahilci, ko Allah zai sa wani ya karanta ya ce ya san mai wannan suna. Wanda ya karanta kuma ba dominsa aka rubuta ba, ya yi haƙuri ya kai ƙarshe. Wataƙila shi ma yana da ƙane mai hannu irin naka.

Ina nan a gidanmu ni kaɗai. Da safe in tafi in koyar, da rana in dawo in tarar da tsakar gida yadda na bar ta. Turakun Baba suna nan a kafe, ba dabba ko ɗaya. Ranar kasuwa har yanzu wani tsohon Bafulatani ko Buzu yakan yi sallama a ƙofa yana tambayar gidan Mamman. In ba shi ruwa, in gaya masa, ya yi addu'a ya wuce. Idan na zauna cin tuwo sai in ga na ja akushin gefe guda, na bar maka wuri.

Ka tuna yadda Baba yake aikinsa? Mai dabba ya sauka a gidanmu, ya ci, ya sha, ya kwana. Da safe a kai saniya kara, kasuwar dabbobi. Mai saye ya taya, Baba ya je ya raɗa wa mai ita, shi kuma ya ce albarka. A ƙara, ya ce albarka. Baba ya yi ta kai da kawowa har rawaninsa ya jiƙe. Ko an kai kuɗin da ya fi ƙarfin saniyar, igiya ba ta barin hannunsa sai mai ita ya buɗe baki ya ce ya sallama. Yakan ce mana, "Ni igiya kawai nake riƙewa, yara. Saniya ba tawa ba ce." La'adarsa kuma sai bayan an tafa hannu.

Akwai kuma masu kawo dabba don su ji darajarta kawai. In aka matsa wa irinsu su faɗi kuɗi, sai su faɗi abin da ba mai hankalin da zai biya. Kowa ya yi dariya, an gane ba ta sayarwa ba ce, ba a kunyata kowa ba. Mun tashi muna ganin wannan kamar yadda muke ganin rana ta fito. Ban taɓa zaton akwai kasuwar da ba haka take ba, ni da na yi makarantar malamai.

A wannan kara ka koyi zane. Kana tsugune da gawayi kana bin ƙahonnin jajayen shanun Bororo a jikin bango, har makiyayi ya zo ya nuna da sanda ya kira sunan saniyarsa. Baba yana faɗa a fili, yana cewa ka ɓata wa mutane katanga, amma bai taɓa sa an shafe ba.

Zanen Inna kuwa sata ka yi. Ta ce ba ta zama a kalle ta kamar akuyar sayarwa. Sai ka riƙa rakuɓewa bakin rumbu da yamma, lokacin da take ɓarar gujiya, kai a sunkuye, kallabi ya zame baya. Da ka gama ka kawo mata, ta riƙe shi nesa da fuska ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Wannan tsohuwa mi aka yi mata take fushi? Kuma ka ba ni hancin Gwaggo." Muka yi dariya har ka ƙware. Washegari na gan ta ta ɗauko shi tana nuna wa maƙwabta, tana cewa aikin banza ne na Habu, su dai duba.

Ba a taɓa ɗaukar Inna hoto ba. Da ta rasu, shekarar da aka ta da tutar ƙasa, wannan zane shi ne abin da ya rage mana na fuskarta. Muka rataye shi a ɗakinta.

Da ka ji labarin wata Baturiya a Yamai mai ɗakin nuna zane, wanda suke kira galari, ka ce za ka je ka gwada sa'a. Na yi murna ƙwarai. Ƙasa sabuwa ce, ana ta cewa a fito da ƴan ƙasa masu fasaha, ni kuwa na san nawa ƙanen ya fi su duka. Ka ɗauki zanen shanu da na raƙuma da na mata a bakin rijiya. Ka ce za ka tafi da na Inna don Baturiyar ta ga iyakar hannunka, ka dawo da shi kafin azumi. Muka naɗe shi a tabarma tare. Na ɗora maka shi bisa buhunan kamiyon Maraɗi, kana ta yi wa yaron mota kashedi kada ya zauna a kai.

Azumi ya zo ya wuce. Sai wani direba ya kawo mini magana guda daga bakinka: "Ka gaya wa Yaya ba ni dawowa sai da ita." Bai san ko wace ce ba. Ya ɗauka mace ka samu, har yana yi mini barka.

Da babban hutu na bi sawunka zuwa Yamai. Ban same ka ba, amma na sami Madam ɗin. Ina so ka ji daga bakina, Habu, ka kuma bari masu karatu su ji: matar nan ba ta cuce ka ba. Ta zaunar da ni, ta bayyana mini yadda suke aikinsu. Ita ba ta sayen zane. Mai zane ya kawo, ta sa a kewaye shi da katako, ta rataye a bangonta, ta gayyato masu kuɗi su gani. In an saya, ta cire rabonta da kuɗin katakon, ta ba mai zane nasa a ƙarshen wata. In ba a saya ba, ya zo ya kwashe kayansa. Ina jin haka na san abin da ka ce a ranka: ashe dillaliya ce, irin Baba. Har ɗaki ta sama maka a bayan shagon, ta ba ka ruwan launi da ƙyalle. Mai masauki, mai riƙon igiya. Me ya rage?

Abin da ya rage shi ne ƴar takardar da take liƙawa a ƙarƙashin kowane zane. Ta ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayarka kuɗinsu. Da ta zo kan na Inna, ka yi murmushi ka faɗi abin da zai sayi raƙuma biyu. Ta ce ta zaro ido, kai kuma ka yi dariya, ita ma ta yi. Kai ka ɗauka ta gane. Ita ta ɗauka yaro ne mai sanin darajar aikinsa, ta rubuta. Ka ji kunyar ce wa mai masaukinka a'a, ka faɗa mata a'a irin ta Dakoro.

A kasuwarsu ba a tayawa, ba a cewa albarka, ba a zuwa a raɗa wa mai kaya. Abin da aka rubuta shi ne sallamawar. Wanda ya biya ya ɗauka, ko mai zane yana nan ko ba ya nan. Kana bakin kogi kana zana masunta, wani Bature mai aikin haƙar rijiyoyi, wanda aikinsa ya ƙare zai koma gida, ya shiga ya tsaya gaban Inna. Madam ta ce ya daɗe a tsaye. Bai nemi ragi ba. Kafin ka dawo jirgi ya tashi da shi.

Ta ce ta tarbe ka a ƙofa da murna, ambulan ɗin kuɗinka a hannu, ba ta ma jira ƙarshen wata ba. Ka dubi bangon, ka dubi jan ɗigon da take sawa a wurin abin da aka sayar, ka ce mata da faransanci, "Ai ban sallama ba." Ta ce har yau ba ta gane abin da kake nufi ba. Na yi ƙoƙarin bayyana mata. Da ta ji ko wace ce a zanen, sai ta rufe baki da hannu. Ta rubuta wa mutumin takarda, ba amsa. Ambulan ɗin yana nan a wurinta da sunanka. Ta so ta ba ni, na ce ba nawa ba ne.

Na san abin da ya sa ka ƙi taɓa shi. A wurinka muddin kuɗi bai shiga hannunka ba, ciniki bai faɗa ba, Inna tana nan tamu, aro kawai aka yi. Na fahimce ka, ɗan'uwana. Da ni ne wataƙila haka zan yi. Amma ciniki ya faɗa, Habu. Zanen nan yana rataye a wani ɗaki mai sanyi a ƙasar da ba mu sani ba, kuma ba zai dawo ba. Ina rarrashin kaina da cewa mutumin da ya tsaya gabanta haka ba zai wulaƙanta ta ba. Wataƙila tasa uwar ya tuna.

Ban yi fushi da kai ba. Ko na kwana ɗaya ban yi ba. Na yi kuka a cikin kamiyo a hanyar dawowa, mutane suna zaton rasuwa aka yi mini, na bar su a haka. Amma zane na rasa a Yamai. Ƙane kuwa kai ka ɗauke mini shi da ƙafarka, kuma wannan ya fi ciwo.

A ajina akwai yara masu hannu. In na ba su alli sai in ga kamar kai ne. Ina gaya musu su yi zane, kada su ji tsoro, ƙasar nan tana bukatar masu nuna mata fuskarta. Ina kuma gaya musu, duk ranar da suka kai aikinsu wurin mai shago, su zauna su tambaya tun kafin a rataye: nawa ne rabonka, nawa ne nawa, yaushe ake biya, wa ke da ikon sallamawa. Abin da ba na sayarwa ba kuma su faɗa da baki ƙarara, ko da za a ce ba su da kunya. Suna cewa, to Mushe, yadda suke kiran malami da faransanci. Amma ni da baki kawai na iya. Ban san yadda ake riƙe gawayi ba. In suka tambaye ni yadda ake sa ido ya yi rai, sai in ce ina da ƙane, zai zo.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa ƙara jira. Fuskar Inna ta fara ɓace mini. Muryarta tana nan, ina jin ta sarai, da tarinta, da yadda take kiran sunanka in ka yi laifi. Amma in na rufe ido ina neman fuskar, sai in sami kallabi da hannuwa da ƙwaryar gujiya, tsakiya ba komai. Jiya na zauna ina ƙoƙarin tuna ko tsagen kumatunta ya kai kunne. Ban iya ba. Ba wanda zan tambaya a gidan.

Mutum ɗaya ya rage a duniya mai goshinta da bakinta: ƙanwarta, Iya Rabi ta Ɗan Gulbi. Na je na gaishe ta bayan girbi. Ta tsufa ƙwarai, Habu. Ƙafa ta ƙi, ba ta fita gona, ta rame. Na zauna ina kallonta har ta tsargu ta ce ko bashi nake bin ta. Sai na gaya mata duk abin da ya faru, ban ɓoye komai ba. Na ɗauka za ta yi faɗa. Sai ta share ido da bakin zanenta, ta ce, "Yaron banza. Don takarda zai bar gida? Ka ce mashi ni zan zauna, ya kalle ni ya yi wata. Amma hwa ya taho tun ina da haƙora, don yayata da nata cikakku ta tahi."

To ka ji. Ka je wurin Madam ka karɓi haƙƙinka, halal ɗinka ne. Ka sayi launi da ƙyalle mai kyau, ka hau mota. In ba ka iya shiga shagon nan ba, ka bar shi, ka taho hannu wofi, gawayi bai ƙare a Dakoro ba. Ba wanda zai tambaye ka komai a ƙofa. Abin da ka tuna da abin da na tuna da abin da ya rage a fuskar Iya, mu haɗa. Ba zai zama wancan ba, na sani. Amma ni kaɗai ba zan iya ba, ita kuma ba za ta daɗe tana jiranmu ba.

Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya haskaka makwancinsu. Allah Ya ba Iya Rabi lafiya, Ya ƙara mata kwana har ka iso. Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya sa wannan takarda ta faɗa hannun mai tausayi ya kai maka, Ya sanyaya zuciyarka, Ya juyo da ƙafarka gida. Amin.

Ni ne wanka mai jiranka,
Lawali, malamin lakwal, Dakoro.