Inci Uku a Ƙugun Yaya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara, da kuma aikin gareji. Mu nan lafiya lau. Umma tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Na san za ka yi mamakin tsintar takarda a aljihun wando. Da gangan na yi. Idan na kira ka a waya, kafin in kai ƙarshen zance ka mayar da shi wasa, ni kuma in biye maka. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta.

Wanduna huɗu Anti ta aiko in rage maka ƙugu, ga ɗaya na gama. Kafin in taɓa su na buɗe littafin awo na shago, inda nake rubuta awon kowa na gidanmu. Shekara tara ƙugunka yana inci arba'in, ko motsi bai yi ba. Yanzu Anti ta rubuto talatin da bakwai. Ta ce wai aiki ne ya yi maka yawa, kuma 'yan watannin nan rabin faranti kake ci ka ture.

Yaya, shafin Baba ne kafin naka a littafin. Sau biyu na rage masa wando a shekararsa ta ƙarshe, har ina tsokanarsa wai zai koma saurayi. Sai da ya kasa shan ko shayi aka gano ciwon daji ne a tumbi, kuma ya riga ya ci ƙarfinsa.

Watan jiya na koma asibiti kan olsar nan tawa, wadda kuka sa mini suna Raki saboda ita. An gano wata ƙwayar cuta ce da ke zama a tumbi. Yawanci tun ana yara ake ɗaukarta, kuma 'yan gida ɗaya sukan same ta tare. Na sha magani na mako biyu, yau har barkono nake ci. Likitar da ta duba ni tana bincike kan iyalan da aka taɓa samun irin ciwon Baba, ta nemi in ba da jini, na bayar.

Ga abin da ta bayyana mini, gwargwadon yadda na gane. Idan ƙwayar ta shiga, jiki yana yaƙarta da kumburi. To, ƙarfin kumburin nan gadonsa ake yi a ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gadon tsawo. Wani nasa matsakaici ne, cikinsa ya yi ta tsami da zafi, ya yi ta ƙorafi har a kai shi asibiti. Wani kuwa mai tsanani ya gada. Kumburin ya yi shekaru yana ci a ɓoye, ya kashe ruwan tsamin ciki, bangon tumbin ya yi ta sirancewa. Irin wannan mutumin sau da yawa bai san ƙwannafi ba, amma shi ya fi kusa da ciwon daji. Ta nanata mini cewa ba dole ba ne, da yawa suna da wannan gadon har su tsufa ba abin da ya same su. Haɗarin ne kawai ya fi yawa.

Gwajina ya nuna ban gaji mai tsananin ba. Da ta tambaye ni ko a cikinmu akwai wanda ya biyo Baba wajen rashin ciwon ciki, kai na fara tunawa. Shekara nawa kana bugun ƙirji cewa kai ka gaji cikin Baba, ko dutse ka haɗiye zai narke? Ba don haka muke ce maka Inji ba?

Roƙona ɗaya ne. Ka je a yi maka gwajin bahaya, a kuma zura kyamara ta maƙogwaro a duba tumbin. Ni an yi mini, kuma ka san idan na iya jurewa kowa ma zai iya.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Raki

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Gaisuwar tawa gajeriya ce yau, domin haushinka nake ji.

Anti ta isar mini da amsarka. Wai lafiyayyen mutum ba ya kai kansa asibiti a nemo masa ciwo, wai abokin raki nake nema. Ta ce ka karanta wa mutanen gareji takardata kun sha dariya. Ba komai, na saba.

Amma kai da bakinka nake jin kana faɗa wa masu mota cewa rashin ƙara ba shi ne lafiyar inji ba, a buɗe a duba mai. Me ya sa naka injin ne kawai ba a buɗewa?

Ta ce kuma ka tambaya, idan gado ne, mene ne amfanin sani tunda ba a canza shi. Wannan tambaya ce mai kyau, na ɗauke ta sukutum na kai wa likitar. Ta ce gaskiyarka, gado ba ya canzuwa. Amma gadon shi kaɗai ba ya aiki, sai ya samu abin faɗa da shi. Idan an kashe ƙwayar cutar, kumburin zai lafa. Ta ƙara da cewa a bar taba da yawan gishiri, ba sai na faɗa maka wa take nufi ba. Sai dai da na gaya mata zancen inci uku da rabin faranti, ta daina murmushi. Ta ce kada a tsaya kan magani kawai, a duba da kyamara cikin watan nan. Katin ganin likita na haɗe da wannan takarda, ranar Laraba ta sama, ƙarfe tara na safe, kada ka ci komai.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni na fara ganin ciwon Baba. Ba Umma ba, ba likita ba, ni, da tef ɗin awo a hannuna. Wata goma kafin a kai shi asibiti na ga ƙugunsa yana raguwa, na yi dariya na ɗinke. Shekara shida ke nan, duk lokacin da na buɗe littafin nan sai na tsallake shafinsa da sauri. Ba zan iya tsallake shafi biyu ba, Yaya.

Sauran wandunanka uku suna nan a rataye bayan keken ɗinki. Ba za su baro shagon nan ba sai na ga takardar asibiti. Idan Laraba ta wuce ba ka je ba, zan gaya wa Umma komai, ta hau mota da ƙafar nan tata ta zo ta same ka a gareji. Ka san za ta yi.

Duk da haka ina gaishe ka.

Ƙanwarka,
Raki

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Ya ɗinkin? Ina fatan kana bin dokar cin abinci kaɗan-kaɗan sau shida, ba ka wahalar da Anti. Mun iso gida lafiya, Umma ta yi barci tun daga tasha.

Akwai abin da likitan tiyata ya faɗa mana kana cikin magagin allura, na ga ya kamata ka same shi a rubuce. Ƙarin da kyamara ta gano a tumbinka, wanda suka cire, bai kai ɗan yatsa ba, kuma bai ratsa bangon tumbin ya fita ba. Rabin tumbin ya tafi da shi. Bai yi mana alkawarin komai ba. Ya ce za a riƙa duba ka duk wata shida, kuma abin da suka gani ya ba su ƙwarin gwiwa. Anti ta tambaye shi da an bari sai baɗi fa. Ya gyara gilashinsa, ya ce mu gode wa Allah da ba a bari ba.

Sakamakon jininka ma ya fito. Mai tsananin ka gada, kamar yadda ake zato. Ashe gaskiyarka ce duk shekarun nan, cikin Baba ne da kai. Likitar ta ce kada a tayar wa yara hankali, ba lallai su ma sun gada ba. Idan sun girma a yi musu gwajin ƙwayar cutar, kuma su san tarihin gidansu. Babbar 'yarka ta riga ta yi mini tambayoyi, na faɗa mata gaskiya.

Ranar da aka cire maka robar hanci, ka yi ta mita kan gadon asibitin, da filon, da ruwan da aka hana ka sha. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba ta taɓa ganin ƙato mai raki irinka ba. Ka ga na fita waje da sauri, ka ɗauka dariya na je yi. Kuka na je yi. Baba bai taɓa cewa wash ba, mu kuma muka yi ta yabonsa a kan haka har muka rasa shi. Don Allah ka ci gaba da mitar nan. Duk abin da ka ji, komai ƙanƙantarsa, ka faɗa. Na ba ka aron sunana, ka riƙe shi.

Ga wandunanka uku. Na rage su zuwa talatin da huɗu, awon da na ɗauka a asibiti kana hararata. Idan ka juya cikinsu za ka ga ɗinkin ya yi kauri ta baya, ka yi haƙuri da shi. Na Baba yanke rarar yadin na yi na zubar. Naka ban yanke ko zare ɗaya ba, na naɗe shi duka a ciki. Ranar da suka matse ka, ka aiko mini su in buɗe.

Ka gaida Anti, ka ce mata Allah ya saka da alheri.

Ƙanwarka,
Mai Ɗinki