Kwano Mai Jan Fenti

Zuwa ga Yaya Attahir, a Gangara.

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna, yaya shuka? Ina ɗiyata Balki? Na bar ta tana rarrafe, yanzu an ce har rijiya take bin mata.

Ni lafiya lau, tarin ya yi sauƙi, sai ɗan jini in sanyi ya sauko. Kada ka gaya wa Inna.

Yaya, za a rufe asibitin nan a mai da shi magaza, wurin ajiyar hatsin taimako. Tun zamanin Nasara yake, gabas masu tarin fuka, yamma masu taɓin hankali. Kowane mai tari da kwanonsa, an shafa masa jan fenti don kada wani ya taɓa. Tunda na zo, mutum ɗaya ce ta sa hannu a nawa: Dado, wata tsohuwa daga Belbeji da hankalinta ya tafi tare da shanunta a farin saba'in da uku. In na hana ta, sai ta ce, “'Yar nan, mutum ba ya ci shi kaɗai.” Kwanan baya muka rufe ta a bayan katanga, babu nata ko ɗaya.

Bayan girbi za a sallame mu. Ka aiko mini da kuɗin mota. Kuma ka faɗa mini gaskiya, ba zan yi fushi ba: in na dawo, da ku zan ci, ko in taho da kwanona?

Allah ya ba da damina mai albarka.

Ƙanwarka,
Sakinatu