Da Tafin Hannu Nake Ji Yanzu

Uwargida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya 'yarmu? Ni lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na san kin yi fushi da na daina ɗaga waya. Wallahi ba wulaƙanci ba ne. Kin san aikinmu: mu shimfiɗa zaren faiba a but ɗin mota, mu shafe shi da gam, ya bushe ya zama akwatin sifika. Ƙaiƙayin da warin duk na saba. Amma in an gama, ni maigidan garejin ke sawa in kwanta a but ɗin, ya ƙure sauti, in gano inda iska ke fita. A haka kunnuwana suka tafi kaɗan-kaɗan. Yanzu da tafin hannu nake lalube, shi kuwa sai yabon kunnena yake. Ranar da ya gane, ban san inda zan dosa ba.

Don Allah kada Inna ta ji. Ki sa ni a addu'a.

Na ga saƙonki cewa 'yarmu ta fara magana, na ga muryar da kika turo. Na manna wayar a kunne har ta yi zafi. Ki taimaka ki rubuto mini abin da ta ce.

Mijinki.