Gurbin da Na Bari a Gefen Hoton

Ya sanyin idona, hasken da ke keto gajimare bayan ruwa ya ɗauke, mai dariyar da ke rusa mini lissafi,

Ga abin da na gani, ba ƙari. Na isa ƙololuwar dutsen da hantsi, jaka a baya, ƙafa duk kanta. Rana ta buɗe, kwarin da ke ƙasa ya yi kore shar. Kafin in kafa kyamara a kan ƙafafunta, hazo ya taso ya shafe komai. Sai yayyafi, sai iska, sai rana kuma, kamar ba ita ta gudu ba. Wannan hali na san shi. Wa ya koya wa sararin sama, in ba ke ba?

Kin tuna ranar da kika tsaya gaban hotunan da na rataye a bango, kika karkata kai, kika tambaye ni ko dutse ne ko tulin yashin magina? Na yi shiru, kika yi ta dariya har da riƙe ciki. Yau zan amsa. Ƙa'idar aikinmu ce: dutse ba ya nuna girmansa a hoto sai an tsayar da mutum a gefe. Ni kuwa ni kaɗai nake tafiya.

Na gwada zama mutumin. Na saita kyamara ta ɗauka da kanta, na ruga in tsaya. Hoton farko ya kama bayana. Na biyu ya kama hulata tana bin iska. Na uku, santsi ya kwashe ni. Ba zan nuna miki shi ba sai an ɗaura.

Kaito! Ina amfanin tsauni mai taɓa gajimare, in babu ke a gefensa da jan mayafinki? Tun daga nan kowane hoto na bar masa gurbi a hannun dama, daidai tsayinki. Ya raɓar asubata, ba dutse kaɗai ke ƙanƙancewa ba in ba kya kusa. Ki amince a zo wajen Baba a nemi aurenki. Jaka ni zan ɗauka, laima taki ce, kuma gurbin nan ba zan tsayar da kowa a cikinsa ba muddin ina numfashi.

Naki, ko ana ruwa ko ana rana,
Malam Shiru

Gyara ɗaya: na ce ga abin da na gani, ba ƙari, amma na tsallake abu guda. A can sama waya ta sami layi, na kira Kawu. Ya riga ya kai rigarsa guga. Ke kaɗai ake jira.