Zaren da Kike Aiko Mini

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa tun gashina yana baƙi, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar ƙasata, matata, uwar 'ya'yana, yanzu kuma kakar wata 'yar mitsitsiyar halitta da ta hana mu sukuni makonni shida cur,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu Almasihu, gaisuwar mutumin da farin ciki ya kusa tsaga wa ƙirji. Ya gajiyar zaman asibiti? Ya bayanki da wannan benci mai tauri? Ya ƙarfin jikin Auta, 'yarmu, wadda jiya-jiya nake ɗaukarta a wuya, yau ga ta uwa?

Ɗazu da hantsi mijin Auta ya faɗo shagona yana haki, ko gaisuwa babu. Ya ce, "Baba, an fitar da jikarka daga kwalba! Ta kama nono da kanta! Likita ya ce jibi za a sallame su!" Wayyo daɗi! Gudumar da ke hannuna ta faɗo mini a ƙafa, ban ji ba sai yanzu da na zauna rubutu. Ihun da na yi ya sa maƙwabcina mai walda ya kashe injinsa ya rugo da bokitin ruwa, wai ya zaci gobara ce. Ya same ni durƙushe cikin dusar katako, tsoho da ni, ina kuka ina dariya, ina ta cewa na gode, na gode, na rasa wata kalma bayan wannan. Wace irin tsuntsuwa ce ta taɓa waƙar da ta kai wadda zuciyata take yi yau? Wane kogi ne ya taɓa cika ya batse kamar yadda na cika?

Amma ba zan zo gabanki da murna kaɗai ba, abar ƙaunata, alhali akwai maganar da na danne. Makonni shida kina wurin, sau ɗaya tak na taka ƙafata asibitin. Ba ki aiko da faɗa ba, ba ki tambaye ni dalili ba, shirun nan naki kuwa ya fi mini bulala zafi. Na san 'yan'uwa a coci sun yi ta zuwa suna komawa, na san wasu sun tambaye ki ina kakan yake. Ban san abin da kika ce musu ba, na dai san kin rufa mini asiri, domin halinki ke nan. Ke ce kika tura ni ajin manya na yamma bayan furfura ta fara fito mini, kika ce wata rana baki zai gaza, hannu ya karɓi aikin. To, ga ranar ta zo.

Kin san sana'ata, kin san kuma ciwon da ke cikinta. Ina yin kujeru, ina yin ƙofofi da tagogi, amma shekara arba'in ke nan duk wanda Ubangiji ya kira a cikin jama'armu, ni ake zuwa wa don akwatin gawarsa. Tun ina ɗaukar tef ina awo har idona ya koyi aikin da kansa. In na dubi mutum sau ɗaya, tsawonsa da faɗin kafaɗarsa sun riga sun shiga kaina, ko ina so ko ba na so. Mutane sun mai da abin wasa. Ko Fasto, in na ƙura masa ido yana wa'azi, bayan an tashi sai ya ce, "Kafinta, sauke idonka, ban shirya ba tukuna." A yi dariya, ni ma in yi. Ke ma kin tuna ranar da na fara tare ki a bakin famfo, ina saurayi? A lokacin ban taɓa yin akwati ko ɗaya ba, tebura kawai nake yi, amma kallon da na yi miki ya yi yawa har kika ajiye bokiti kika ce, "Malam, in ka gama awon, ka matsa in wuce." Ban matsa ba, ya hasken rayuwata, har yau ban matsa ba.

Kin kuma san akwatin farko da hannuna ya yi. Ba ma maganarsa, ni da ke, amma yau sai na yi. Ɗanmu na fari, mai kwana takwas a duniya. Babu wanda zai yi, ni na yi. Inci ashirin. Na manta ranar haihuwata, na manta shekarar da muka yi rufin gidanmu, amma wannan lamba ba ta taɓa barina ba.

To, ranar da aka haifi jikarmu bakwaini, na zo da gudu kamar kowa. Nas ta kai ni bakin tagar gilashi ta nuna mini ita cikin kwalba, ja-jawur, da 'yan robobi a hanci, ƙirjinta yana ɗagawa kamar na ɗan tsako. Na so in ga kyanta. Na so in ga hancin wa ta ɗauko. Amma kafin zuciyata ta ce "jikata", idona ya riga ya ce "inci goma sha huɗu". Ya auna ta, masoyiyata! Idon nan nawa ya auna jinina kamar yadda yake auna waɗanda suka tafi! Har katakon da zai isa ya faɗo mini a rai, wani guntu da ke jingine bayan ƙofar shago. Na juya na fita, kina kirana a baranda, na yi kamar ban ji ba.

Abin da ya hana ni dawowa ke nan. Ba rashin ƙauna ba ne, tsoro ne, tsoro mai wari kamar ruwan da ya kwana a kwata. Na san babu wani iko a idona, na san rai a hannun Mahalicci yake, ni da nake zama a bencin gaba a coci. Amma sani daban, zuciya daban. Na riƙa ji kamar in na sake dubanta, zan jawo mata abin da nake gudu. Na ɗauki guntun katakon nan na jefa bayan shago, da yamma na je na ɗauko shi, washegari na sake jefarwa. In na durƙusa yin addu'a sai bakina ya bushe. Me zan ce wa Allah? In ce ya bar mana ita? Ai na roƙi haka shekara arba'in da suka wuce, kin san amsar da muka samu. Na ji kunyar roƙo, na ji tsoron kada a sake ce mini a'a.

Sai ranar Lahadi ta farko mijin Auta ya zo da wani abu ƙunshe a takarda. Na buɗe, zaren ulu ne rawaya, irin wanda kike saƙa hular jarirai da shi, da ƙulli a kowane ƙarshe. Ya ce, "Mama ta ce in ba ka. Ta ce tsawon jikarka ke nan daga kai zuwa dunduniya, wai tunda awo kake so, ga awo." Ashe kin sani! Ban faɗa wa kowa ba, ko Fasto, amma kin karanta bayana ranar da nake fita kamar yadda kike karanta takarda. Wace mace ce wannan da Allah ya ba ni? Wace rijiya ce ke, da har yau gugana bai taɓa ƙasanki ba?

Na buga ƙusa a bango na rataye zaren. Lahadi ta biyu wani zaren ya zo, na rataye shi kusa da na farko, ya fi shi da faɗin farce. Faɗin farce kawai! Amma na zauna ina kallon wannan ɗan bambanci kamar manomi mai kallon tsiron farko. Lahadi ta uku ya ƙaru da faɗin ɗan yatsa. Na fara cin abinci. Mai walda ya leƙo ya ce ko na koma sana'ar saƙa ne, na ce masa ya je ya ji da tartsatsinsa.

Sai Lahadi ta huɗu. Kin san makon, makon da zazzaɓi ya kama jikarmu, aka mayar mata da robobin da aka cire. Na zaci ba za ki aiko ba. Da ni ne, da na ɓoye, ko in ɗan ja zaren ya miƙe don in kwantar wa tsoho da hankali. Ke kuwa kika aiko shi yadda yake. Na rataye shi, daidai yake da na makon jiya, ko gashi ɗaya bai ƙaru ba. Mijin Auta ya tsaya a bakin ƙofa idonsa jawur, ya ce, "Mama ta ce bai ƙaru ba, amma bai ragu ba. Ta ce ita ma tsoro take ji, kada ka zaci ba ta ji. Ta ce wanda ya riƙe mu wancan karon bai sake mu ba, ko da yake bai ba mu abin da muka roƙa ba."

Ya abokiyar tafiyata, wannan saƙo ya tsaga ni kamar yadda tsawa take tsaga itace. Ni ina zaton ke dutse ce, ashe ke ma rawar tsoro kike yi, sai dai kina rawar a gaban Allah, ni kuwa ina tawa a ɓoye bayan shago. Na tuna yadda kika yi wancan karon, kina yarinya ɗanya, nono yana zuba a rigarki babu mai sha, amma kika kama hannuna mai ƙanshin katako kika ce mu yi addu'a. Ni na kasa, ke kika yi mana. Muka rayu. Aka ba mu huɗu bayansa. Ban taɓa lura ba cewa riƙon ma amsa ce.

Ranar na rufe shago da rana tsaka, na durƙusa, na faɗa wa Ubangiji gaskiya ba ado. Na ce ina tsoro, na ce ina jin haushin wancan karon har yanzu, na ce ina son yarinyar nan ta rayu, in kuma ya ga dama daban, kada ya sake hannuna. Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba. Na dai tashi, na zaɓi katako mafi kyau da nake da shi, na fara yi mata gado. A makon da babu wanda ya ce mini za ta kwanta a kai! Zarto yana karkacewa, ina yanka ina cewa, "Ya Yesu, ka gani." Zare na biyar da ya zo ya tarar da ni ina goge ƙafafun gadon, ya kuwa fi 'yan'uwansa duka tsawo.

Yanzu ga wani laifin kuma, gara ki ji daga bakina. Na rantse wa kaina ba zan yi gadon nan da awon jariri ba, don haka ban taɓa tef ba sam. Na bar hannu ya bi zuciya, zuciya kuwa ta yi ta cewa ƙara, ƙara, za ta girma. Jiya muka kai shi gidan Auta, ni da mijinta da mai walda. Ya ƙi shiga ƙofar ɗaki! Mun juya shi ta gefe, mun ɗaga, mun kwantar, ya ƙi. Mijin Auta ya riƙe ciki yana cewa, "Baba, wannan ai har ranar aurenta ba za ta cika shi ba." Shekara arba'in ban taɓa kuskuren inci ɗaya ba, sai a kan wannan yarinya. Na cire ƙyauren da katakon bakin ƙofar duka, gado ya shiga, zan mayar kafin ku dawo. In kin ga fenti ya ɗan kankare a bango, kada ki ce komai a gaban surukinki.

Ga roƙona, ya ruwan sanyina a tsakar rani. Ba zan jira jibi ba, gobe da safe ina tafe. Zan sa farar rigar nan da kike so, zan wanke hannuna har ƙanshin katako ya fita. Ki yafe mini makonni shidan da na bar ki kina ɗauke da tsoron mutum biyu. In za ki yi mini faɗa a gaban nas-nas, ki yi, na cancanta, zan sunkuyar da kai in saurara har ki gama. Amma in kin gama, ki ɗauko ta da hannunki ki ɗora ta a nawa, ki tsaya kusa, kafaɗarki tana taɓa tawa. Ba zan yi miki ƙarya in ce tsoron ya ƙare ba, yana nan kwance kamar tsohon kare a bakin ƙofa. Amma zan dube ta. Zan dube ta tun daga gashin kai har 'yan yatsun ƙafa, ba zan kau da fuska ba. In idona ya auna, ya auna, zan faɗi lambar da ƙarfi kowa ya ji, in ce Ubangiji, ga abin da ka ƙara mana, mun gode.

Ki sumbaci goshin Auta a madadina. Ki raɗa wa 'yar ƙaramar cewa kakanta matsoraci yana hanya.

Ni ne naki tun ranar da kika amsa mini, naki a shekarun kuka da na dariya, naki in ƙarfi ya ƙare ido ya dushe, ba zan matsa daga gefenki ba sai wanda ya haɗa mu ya kira ɗayanmu gida,

Mijinki,
Kafinta